A Question of Sport: rabin awar da na fi cin moriyar kuɗin lasisina a kanta

A Birtaniya duk gidan da ke kallon talabijin kai tsaye sai ya biya kuɗin lasisi a kowace shekara, kuma da wannan kuɗin BBC ke gudanar da harkokinta. Saboda haka ni ba ɗan kallon kyauta ba ne, mai saye ne, kuma mai saye yana da bakin magana a kan hajar da aka miƙa masa. Hajar da zan yi magana a kanta ita ce A Question of Sport, shirin kacici-kacici kan wasanni wanda BBC ta fara nunawa a faɗin ƙasar ranar 5 ga Janairun 1970, ta kuma sanar da dakatar da shi a Disambar 2023. Shekara 53 ke nan, shirye-shirye fiye da 1,300. Babu wani kacici-kacicin wasanni a talabijin da ya kai shi daɗewa a duniya. Ra'ayina a taƙaice: kaya ne mai kyau, an yi shekaru ana sayar mana da shi yadda ya kamata, sai masu shagon suka tashi gyara, garin neman gira suka rasa ido.

Ga wanda bai taɓa gani ba, tsarin ba shi da wani rikitarwa. Mai gabatarwa yana zaune a tsakiya. Dama da hagunsa tebur biyu ne, kowanne da mutum uku: kyaftin na dindindin da baƙi biyu da ake sauyawa duk mako. Baƙin kuwa 'yan wasa ne na gaske, waɗanda ke kan ganiyarsu ko waɗanda suka yi ritaya: ɗan ƙwallo, ɗan dambe, 'yar ninƙaya, mahayin dokin sukuwa. Ba a cin kuɗi, ba a cin mota, ba a ba kowa kofi. Maki kawai ake tarawa na rabin awa a tashi. To amma ka tara mutum shida da suka ƙare rayuwarsu ba sa son a kayar da su ko a wasan yara, ka ce musu ga maki, ai ka gama haɗa shiri. Nan ne sirrin abin yake, kuma nan ne daga baya aka manta.

A nan Manchester aka haifi shirin, garin da nake zaune. An fara gwada shi a ƙarshen 1968 a yankin arewacin Ingila kaɗai, sannan aka fito da shi ga ƙasa baki ɗaya a 1970 da David Vine a kujerar gabatarwa. Ɗakin ɗaukar shirye-shiryen BBC na wancan lokacin, a titin Dickenson da ke unguwar Rusholme, tsohuwar coci ce aka mayar. Kyaftin biyun farko su ne Cliff Morgan, gwanin zari-ruga na Wales, da Henry Cooper. Dattawanmu masu bin dambe a rediyo sun san wannan suna: shi ne Baturen da ya kai Cassius Clay ƙasa da naushin hagu a Wembley a 1963, kafin Clay ya zama Muhammad Ali, ko da yake Clay ɗin ya tashi ya fasa masa gira aka tsayar da damben a turmi na gaba. Baƙin shirin farko kuma ba ƙananan mutane ba ne, akwai George Best na Manchester United, da Tom Finney, da ɗan kurket Ray Illingworth, da 'yar tsere Lillian Board.

Wannan zamanin ban riske shi ba. Ni a tsakiyar shekarun 2000 na fara kallo, lokacin Sue Barker ta riga ta zauna daram a kujerar gabatarwa. Abin da na sani na baya, daga guntayen bidiyon da ke YouTube ne da kuma bakin wani dattijon maƙwabcina, tsohon direban bas, wanda idan aka taɓo David Coleman sai ya ajiye duk abin da ke hannunsa. Coleman ya karɓi shirin a 1979 ya riƙe har 1997. Babban mai sharhin wasanni ne na BBC, muryarsa ce Turawan nan suka sani da gasar Olamfik. A shirin yana zama ne kamar hedimasta: shi ke da tambaya, shi ke da amsa, kuma ba a ja da shi. A gefensa ga Emlyn Hughes, tsohon kyaftin ɗin Liverpool da ya ɗaga kofin Turai a 1977 da 1978, mai siririyar murya da dariyar da ba ya iya riƙewa. Ga Bill Beaumont, ƙaton ɗan zari-ruga mai sanyin hali, wanda ya yi shekara 14 a kujerar kyaftin daga 1982 zuwa 1996. Bayan Hughes sai Ian Botham na kurket ya shigo a 1988. Dukkansu cikin suwaitocin nan masu zane-zane da launi barkatai, waɗanda har yau ake yi musu tsiya a kai.

Labarin da kowa ke bayarwa na wannan zamanin shi ne na 1987. An nuna wa Hughes hoton wani a kan doki, fuska duk taɓo, ya duba ya ce ai John Reid ne, wani namijin mahayin sukuwa. Ashe Gimbiya Anne ce, 'yar Sarauniya Elizabeth. Ba a daɗe ba sai ga Gimbiyar da kanta ta zo shiri na 200, aka kuma zaunar da ita a teburin Hughes ɗin. Ba alfarmar sarauta ce ta kawo ta ba, ta cancanci kujerar: ta ci gasar hawan doki ta Turai a 1971, ta kuma wakilci Birtaniya a Olamfik na Montreal a 1976. Mutum kusan miliyan 19 ne suka kalli shirin na ranar. Shirin bai sake ganin irin wannan taro ba, kuma da wuya wani kacici-kacici ya sake gani, domin lokacin tashoshi huɗu ne kacal a ƙasar.

Bari in zo ga kayan cikin kwano, wato zagayen tambayoyin, don su ne abin da mutum ke zama dominsa.

Ana farawa da allon hotuna. Akwatuna 12 ne masu lamba, ɗan wasa ya zaɓi lamba, a buɗe masa hoton wani. Amma hoton na mugunta ne: an ɗauko mutumin ta ƙeya, ko ya rufe fuska da tawul, ko hular kwano ta rufe komai sai haɓa. Sai ka ga zakaran duniya ya ƙura wa allo ido yana cizon leɓe, kyaftin na raɗa masa a kunne. In ya kasa a miƙa wa ɗaya ɓangaren. Akwai kuma zagayen gida ko waje, wanda a ganina ya fi kowanne nuna halin mutum. Ka zaɓi gida a yi maka tambaya kan wasanka, maki ɗaya. Ka zaɓi waje a jefo maka tambaya daga kowane irin wasa, maki biyu. Matsoraci ya tsaya gida. Mai kwaɗayi ya fita waje a tambaye shi wasan da ko sunansa bai iya faɗa ba. Abin kunyar ma shi ne ka tsaya gida kuma ka faɗi, ɗan ƙwallo a tambaye shi wanda ya ci kofin da shi kansa ya buga wasan ƙarshensa ya tsaya yana sosa kai. Wannan ba a yafe masa har a tashi.

Sai zagayen "me ya faru bayan nan?" A nuna ɗan guntun wasa, ana tsaka da abu a tsayar da hoton cak, a ce ku faɗi abin da ya biyo baya. Irin abubuwan da ake nema su ne waɗanda hankali ba zai kawo ba. Ka ɗauki misalin wasan Zayar da Brazil a gasar cin kofin duniya ta 1974: an ba Brazil bugun tazara, 'yan Zayar sun yi katanga, alƙali ya busa, sai Mwepu Ilunga ya fito daga katangar da gudu ya ɗirka wa ƙwallon ƙafa ta yi can. Ko ƙwallon da Darren Bent na Sunderland ya ci Liverpool a 2009, wadda ta bugi wata jar balan-balan da wani ɗan kallo ya jefo fili ta kauce wa Pepe Reina. Irin wannan. Daɗin zagayen ba a amsar gaskiya yake ba, a ƙaryar da kyaftin zai shirya ne da fuskarsa a murtuke, ya ce kare ne ya shigo ya ɗauke tutar kwana, kuma wani lokacin a saki hoton a ga karen.

Wanda ya fi karɓuwa a gidana shi ne ɓoyayyen baƙo. Ana ɗauko wani sanannen ɗan wasa a sa masa kayan wata sana'a, mai gyaran famfo ko mai sayar da kifi ko mai kiwon tumaki, a yi ɗan fim na ƙasa da minti guda ana kiɗa a ƙasa. Kyamara ba ta taɓa ba ka fuskar gaba ɗaya. Ta nuna kunne, ta nuna yatsu suna murɗa sukurudireba, ta gifta ta gefen hanci, ta wuce. A daren Juma'a bayan an ci tuwo, nan falonmu ke kacamewa. Uwargida ba ruwanta da wasanni, ko dokar satar gida ba ta damu ta sani ba, amma Allah Ya ba ta idon gane mutane. Ina can ina lissafin wane gola ne mai irin wannan tsawo, sai ta ce daga bakin ƙofar kicin, "Abban yara, ba yarinyar nan ba ce mai tsalle-tsalle ta Sheffield? Dubi haƙoranta." Kuma ita ɗin ce. Babbar 'yata kuwa takarda take ɗaukowa tana rubuta makin kowa, ta ce, "Abba, kai fa ba ka da ko ɗaya, Umma na da biyu." Shirye-shiryen da za su zaunar da uba da uwa da 'ya'ya a kujera ɗaya ba tare da an yi saurin neman rimot don sauya tasha ba, ba su da yawa a talabijin ɗin ƙasar nan. Wannan yana cikinsu, kuma a wurina wannan kaɗai ya biya wani kaso na lasisin.

Sue Barker ta cancanci a tsaya a kanta. Kafin ta shigo aikin talabijin 'yar wasan tanis ce ta gaske, ita ta ci gasar French Open a 1976. Ta karɓi shirin a 1997 ta yi shekara 24 a kai. Ba ta da tsare gida irin na Coleman, dariya take yi har ta kifa kai a tebur, amma ba a raina ta. Saboda ita ma ta san zafin a fitar da mutum a zagayen farko, baƙin suna sakin jiki da ita, kuma in ta ce amsa ba daidai ba ce an wuce wurin. Kyaftocin da ta fara da su, Ally McCoist wanda ya fi kowa ci wa Rangers ƙwallo a tarihi, da John Parrott zakaran sunuka (wasan buga 'yan ƙwallaye da sanda a kan tebur) na duniya a 1991, mutane ne masu kaifin baki da kuma sanin wasanni na haƙiƙa. Frankie Dettori, mahayin dokin nan ɗan Italiya da ya cinye dukkan tsere bakwai a rana ɗaya a Ascot a 1996, ya ɗan riƙe kujerar daga 2002 zuwa 2004. Sai Matt Dawson ya zo a 2004, Phil Tufnell kuma a 2008, su biyun suka zauna da Barker har 2021.

Waɗannan ukun su ne shirin a idona. Dawson, wanda ya miƙa wa Jonny Wilkinson ƙwallon da Ingila ta ci kofin duniya na zari-ruga da ita a 2003, mutum ne mai son nasara har abin ya yi yawa, zai yi gardama kan rabin maki. Tufnell kuwa tsohon ɗan kurket ne mai fuskar wanda aka tasa daga barci, yana yi kamar bai san komai ba, sai an sakankance ya jefo amsa daidai. Zamansu irin na taubasai ne, kullum cikin tsokana da cin fuska, amma ba mai fushi, kuma kowa ya san iyakarsa.

Ba wai babu abin kushewa ba. Na farko, duniyar shirin ƙarama ce. In aka ce wasanni, ana nufin abin da Bature ɗan Birtaniya ke kallo: kurket, zari-ruga iri biyu, golf, sunuka, sukuwa, jifan allo da 'yan kibiyoyi, tseren kwale-kwale. Bahaushen da ya taso da ƙwallon ƙafa da dambe zai yi minti goma bai ji sunan da ya sani ba. Afirka ba ta cika shigowa ba sai ta hanyar ɗan wasan da ke buga Firimiya ko mai gudun dogon zango daga Kenya ko Habasha. Ni dai ta nan na koyi rabin abin da na sani game da kurket, kuma ya yi mini amfani wajen hira da abokan aiki 'yan Pakistan da Indiya, amma wannan ribar ƙafa ce, ba don ni aka shirya ba. Na biyu, a shekarun ƙarshe na Barker abin ya fara tsufa. Barkwancin ya zama wanda ka san zuwansa tun daga nesa, an rage tambayoyi masu tauri an ƙara wasannin tashi-ka-yi-kwaikwayo, kuma manyan taurarin ƙwallo sun daina zuwa. George Best ya zauna a shirin farko, amma a zamanin da ɗan Firimiya ke karɓar dubban ɗaruruwan fam a mako, da wakili da mai kula masa da suna, wa zai bar shi ya je ya kasa amsa tambaya a gaban jama'a? Sannan BBC ta yi ta yawo da lokacin shirin, yau farkon dare, gobe bayan labaran ƙarfe goma, har sai ka nema.

Saboda haka da aka ce za a yi gyara, ban ƙi ba. Yadda aka yi gyaran ne matsalar. A Satumbar 2020 aka sanar cewa Barker da Dawson da Tufnell duk za su tafi a lokaci guda. Shirinsu na ƙarshe ya fita a Mayun 2021. Shekaru da dama ba haka ake yi ba: in kyaftoci sun tafi mai gabatarwa na nan, in mai gabatarwa ya sauka kyaftoci na nan, mai kallo kullum yana da fuskar da ya saba da ita. Wannan karon aka kwashe duka. Aka kawo Paddy McGuinness, ɗan barkwanci daga yankin Bolton wanda aka sani da shirin haɗa samari da 'yan mata na Take Me Out da kuma shirin motoci na Top Gear. Karon farko ke nan da aka ba wanda ba ɗan wasa ba, ba kuma ɗan jaridar wasanni ba, wannan kujera. Har sunan aka taɓa, aka cire harafin farko ya koma Question of Sport.

Sabbin kyaftocin ba su da laifi, kuma ina so a ji wannan da kyau. Sam Quek ta ci zinare a wasan hoki a Olamfik na Rio a 2016, ita ce mace ta farko da ta zama kyaftin ta dindindin a tarihin shirin, ga ta da sanin ƙwallo. Ugo Monye tsohon ɗan zari-rugan Harlequins da Ingila ne, iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ganin ɗan gida a kujerar da Henry Cooper ya taɓa zama. Da an zaunar da ɗayansu kusa da Tufnell na shekara biyu, Barker na tsakiya, da sun gaji shirin cikin ruwan sanyi. Amma aka jefa su cikin wani abu mai fitilu da ihu da guje-guje a dandali, aka fara gayyato baƙin da ba 'yan wasa ba, tambaya ta zama 'yar rakiya. McGuinness yana karanta tambayar ne kamar yana sauri ya wuce ta ya kai ga barkwancin da ke gaba. Kuma da zarar mai tambaya bai damu da amsa ba, wanda ake tambaya ma ya daina damuwa, na gida kuma ya ɗauki wayarsa. A gidana takardar makin nan ta daina fitowa tun ba a yi nisa ba.

An ce matasa ake nema. To matasan suna YouTube da TikTok, ba su zo ba, kuma dattawan da ke nan suka tashi. In barkwanci da 'yan wasa mutum ke so, tashar Sky ta riga ta fito da A League of Their Own tun 2010, sun fi iyawa kuma sun fi kashe kuɗi. BBC ɗin ma ta taɓa yin irinsa, They Think It's All Over, daga 1995 zuwa 2006, a gefe guda, ba tare da ta taɓa tsohon shirin ba. Masu kallo da ke kaiwa wajen miliyan 4 a ƙarshen zamanin Barker suka zube zuwa ƙasa da miliyan 1. Da BBC ta tashi dakatar da shi a Disambar 2023, sai ta ɗora laifin a kan hauhawar farashi da ƙarancin kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya, domin gwamnati ta daskarar da kuɗin lasisin a kan fam 159 na shekara biyu daga 2022, alhali komai na tashi. Amma shirin mutum bakwai a kan kujeru a Salford, kusa da Manchester, ba shi ne mai cin kuɗi ba. Da mutum miliyan 4 na nan suna kallo, da an nemo inda za a rage a wani wurin.

In maki zan bayar, zamanin Coleman da na Barker har zuwa wajen shiri na 1,000 a 2013 sun ci tara cikin goma, na cire ɗaya saboda yawan kurket. Shekarun ƙarshe na Barker bakwai. Na 2021 zuwa 2023 uku, kuma biyu daga ciki na Quek da Monye ne.

Wanda ke son ya ɗanɗana, ya shiga YouTube ya rubuta sunan shirin tare da Emlyn Hughes da 1987, ya fara da na Gimbiya Anne. Daga nan ya nemi na McCoist da Parrott, can ne sani da raha suka fi daidaita. Turancinsu na da sauri, na McCoist ma karin harshen Sikotlan ne mai wuyar kamawa, amma allon hotuna da ɓoyayyen baƙo ba sa buƙatar jin Turanci sosai. BBC ba ta ce ta binne shirin ba, cewa ta yi ba a shirya shi a yanzu. In za ta dawo da shi, buƙatuna uku ne a matsayina na mai biya: a ba wanda ya san wasanni kujerar tsakiya, baƙi su zama 'yan wasa zalla, sannan a tsayar masa da rana ɗaya da lokaci ɗaya, kafin yara su yi barci.